Hannun da Ba Ya Cikin Faifai

Ranar Talata da hantsi likita ta ja Maxine Willetts gefe, a barandar gidan jinyar da ke bayan garin Dudley, ta gaya mata abin da ta riga ta sani. Mahaifinta ba zai wuce makon nan ba, in ya kai Lahadi an yi sa'a. Maxine ta gyaɗa kai, ta yi godiya, ta koma ɗakin.

Clive Willetts yana kwance, ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. Shekara talatin da huɗu ya yi a masana'antar narka ƙarfe, amma ba da wannan aka san shi a unguwa ba. Tun Maxine na firamare, duk wanda ya ji sunanta sai ya tambaya, "Ke ce 'yar Clive na Gornal Hammer?" Samari huɗu ne masu kiɗan rok mai tsananin ƙara, suka yi tashe a shekarun saba'in, suka yi faifai biyu, suka watse. Clive ne mai kaɗa musu bes, jitar nan mai tsirkiya huɗu da kaurin murya. Waƙarsu ɗaya, "Ruwan Ƙarfe", har yau gidajen rediyo na sa ta. Kwalin faifan yana rataye a falon Maxine, da hoton ubanta gashi har kafaɗa.

Ba ta da maganin da za ta ba shi, abinci kuma ya daina ci. Sai ta ɗauko 'yar lasifikar da ta zo da ita, ta haɗa da wayarta, ta ajiye kusa da matashinsa. Ganguna suka fara, jita ta biyo baya.

Clive ya buɗe ido. "Kashe."

"Baba, taku ce fa."

"Na san ko ta wa ce. Kashe ta, Max."

Ta kashe. Ya juya fuskarsa wajen bango, ya daɗe yana neman numfashi.

"Ba ni ba ne a ciki," ya ce.

"Ga hotonka a kwali, ga sunanka."

"Hoton nawa ne. Hannun ba nawa ba ne." Ya yi tari, ta goge masa baki. "Shekara hamsin ana sa ta a shago, a gidan aski, mutane na dafa kafaɗata. Ni kuwa ban taɓa jin kaina ba ko sau ɗaya. Ban ma san ko na iya ba."

Ta yi ta tambayarsa, amma maganin kashe zafi ya riga ya ja shi barci. Ta zauna tana kallon yatsunsa a kan bargo. Shekararta arba'in da takwas, kuma abin da ta fi alfahari da shi game da ubanta, yanzu ya ce mata ba nasa ba ne.

Cikin 'yan ƙungiyar mutum ɗaya ya rage a raye bayan Clive, Royston Tolley mai ganga. Tana ƙarama takan kira shi Kawu Roy, daga baya suka daina ganinsa, ba wanda ya gaya mata dalili. Da la'asar ta same shi a ɗan lambunsa na bayan layin dogo, ya duƙa tsakanin kabeji da albasa. Sai da ta kira shi sau uku kafin ya ɗago.

"Zo ta wannan gefen, 'yata," ya ce. "Kunnen hagu ya mutu tun tuni, na dama kuma busa yake yi."

Ta gaya masa halin da Clive ke ciki da abin da ya faɗa. Roy ya zauna a kan bokitin da ya kifa, ya cire hularsa.

"Gaskiya ya gaya miki. A Landan aka ɗauki faifan, a saba'in da huɗu. Mutumin kamfani ya saurari ubanki kwana ɗaya, ya ce yana jan ƙafa, yana yawo a cikin waƙa. Washegari ya kawo wani ɗan haya mai suna Piers, ya kaɗa a madadinsa. Ubanki kwana uku ya yi zaune a baranda yana shan shayi, yana jin mu ta bango. Aka bar masa suna a kwali don kada magana ta fita."

"To mene ne bambancin? Ba waƙa ɗaya ba ce?"

"Sunan ne ɗaya." Ya tofar da yawu. "Ta faifai minti huɗu ce. An yi mata aski, an yi mata wanka, an ɗaura mata taye a wuya. Bes ɗin na tafiya kamar soja, ba ya waiwaye. A kan dandamali kuwa minti goma sha ɗaya muke yi, in jama'a sun ɗauki zafi har sha huɗu. A tsakiya mai waƙa zai tafi shan ruwa, mai jita ya yi shiru, a bar ni da ubanki. Shi ba ya sauka daidai kan ganga, yana zuwa a baya kaɗan, kamar mai jan buhu. Ki ce zai faɗi, ba ya faɗuwa. Abin da mutumin Landan ya ƙi ke nan, shi ne kuma abin da jama'a ke biyan kuɗin ƙofa su ji."

Nan take Maxine ta zaro waya ta shiga nema. Akwai wasanninsu na dandamali guda shida da masoya suka ɗora a intanet. Ta karanta masa shekarunsu ɗaya bayan ɗaya, yana girgiza kai. Clive ya bar ƙungiyar a watan Maris na saba'in da biyar, Piers ya gaje shi, kuma duka shidan bayan nan aka ɗauka.

"Dole akwai wani abu, Kawu. Ba zai yiwu mutum ya yi shekara biyu yana kiɗa a ce babu ko ɗaya ba."

Roy ya sosa ƙeya. Ya ce akwai Len Foxall, mai kula musu da na'urar sauti, yana da ɗabi'ar jefa kaset a rikoda in za a fara wasa. Len ya rasu shekara tara ke nan, amma matarsa Glenys tana nan a Tipton.

Safiyar Laraba, bayan ta leƙa ubanta ta tarar yana barci, Maxine ta je Tipton, Roy na biye da ita a tsohuwar motarsa. Ruwa ake yi tun asuba. Glenys tsohuwa ce 'yar ƙarama mai kaifin baki, ta dubi Roy sama da ƙasa.

"Royston Tolley. Na ɗauka ka mutu."

"Saura kaɗan, Glenys."

"Ka dai ƙoƙarta." Ta juya ga Maxine, muryarta ta sauko. "Shigo, 'yar nan. Bara ɗana ya so ya zubar da kayan Len, na ce ya fara da ni."

Garejin na warin danshi. Kwalaye goma sha ɗaya ne, wasu gindinsu ya ruɓe, kaset sun zube a ƙasa. Len ba ya rubuta shekara, sunan gari kawai yake sawa da harufan farko na sunan ƙungiya. Maxine ta durƙusa a kan siminti tana ɗaga su ɗaya-ɗaya zuwa hasken ƙofa, har gwiwoyinta suka yi tsami. Bayan awa biyu ta tara guda bakwai masu G.H. a jiki: Stoke, Derby, Hull, Coventry, Wrexham, Walsall, da ɗaya da ruwa ya cinye rubutunsa.

Sai aka rasa abin da za a saurara da shi. Rikodar Glenys ta lalace tun kafin Len ya rasu. Maxine ta buga wa ƙawayenta uku, ta buga wa shagunan gwanjo biyu, wani ma dariya ya yi mata. Tana tsaye a bakin gareji tana jin kamar ta zauna a cikin ruwan ta yi ta kuka, Roy ya ce, "Motata fa tana da wurin sa kaset."

Suka shiga su uku, Roy a mazaunin direba, Maxine a gefensa, Glenys a baya da filas na shayi a cinya. Aka jefa na Stoke. Sai shuuu, da ihun jama'a, da muryar mai waƙa kamar daga cikin rijiya. Kowane kaset sai an yi ta turawa gaba ana tsayawa kafin a kai ga "Ruwan Ƙarfe", don ita ce ta ƙarshe a wasa.

"Ba na jin bes ɗin," Roy ya ce. "Ƙara."

Ta ƙara har gilashi na kaɗawa. Har yanzu ba ya ji. Sai ya manna tafin hannunsa a jikin ƙofar, daidai kan lasifika, ya jingina gwiwarsa, ya rufe ido. Minti ɗaya ya yi a haka.

"Piers ne. Kin ji? Daidai da faifai, ko ƙwaya bai ƙara ba. Yaron ya iya, ba zan yi masa ƙarya ba, amma kamar agogo yake."

Maxine ba ta ji komai ba sai ƙara. Na Hull ma Piers ne. Na Coventry ma haka, kuma a can waƙar ko minti shida ba ta kai ba, an yanke tsakiyar gaba ɗaya.

Suna cikin tura na Derby wayarta ta yi ƙara. Marcia ce, nas ɗin da ke kula da Clive.

"Ba na so in tayar miki da hankali," Marcia ta ce, "amma numfashinsa ya canja. In da hali, kada ki yi nisa yau."

Kafin ta ajiye wayar, kiɗan ya fara wani irin gunji, ya tsaya. Ta danna, kaset ɗin ya fito da zarensa a waje, ya cukurkuɗe a cikin na'urar. Ta ja a hankali, ya tsinke.

"In shi ne fa?" ta ce. "In wannan ne fa, Kawu?"

Glenys ta miƙo hannu daga baya ta karɓa, ta zura biro a ramin tana naɗewa.

Maxine ta dubi agogon mota. Sha biyu da rabi. Daga nan zuwa gidan jinyar minti ashirin ne in hanya ta yi kyau. Tana iya zama a nan tana neman muryar jita ubanta ya cika babu kowa a kusa da shi. Tana iya tafiya yanzu ta zauna gabansa hannu biyu babu komai.

"Mu ɗauki na Stoke," ta ce. "Ƙara ce kawai. Zan ce masa shi ne. A halin da yake ciki ina zai gane?"

"Zai gane kafin ki zauna," Roy ya ce. "An taɓa sa hannun wani a ce nasa ne. Kada ki ƙara masa."

Ranta ya ɓaci. "Kai kana ina lokacin da aka yi masa na farkon?"

Roy ya juya ido ga ruwan da ke gangarowa a gilashi.

"Ina ciki ina buga ganga," ya ce. "Shekarata ashirin da biyu, ina son faifai da sunana. Mutumin ya tambaye ni ko ina da magana, na ce babu. Da na fito shan taba na wuce ubanki a baranda, ya ɗago ya dube ni, na yi kamar ina neman ashana. Bayan ya bar mu na riƙa zuwa gidanku wasu shekaru, ba mu taɓa maganar ba. Daga baya na kasa zama a falon, na daina zuwa."

"Sa na gaba," Glenys ta ce. "Ku yi faɗanku a hanya."

Na Wrexham ya fi sauran muni. Jitar ta yi sama da yawa, wani maye kusa da makirufo yana ta kiran sunan wata mata. Maxine ta tura, ta tsaya, ta tura, har ta ji gangunan farkon waƙar. Roy ya mayar da tafinsa jikin ƙofa. Baiti na farko ya wuce. Na biyu ya wuce. Sai muryar mai waƙa ta ɗauke, jita ta yi wani dogon kuka ta mutu, aka bar ganga da wani abu mai nauyi a ƙarƙashinta wanda Maxine ta fara ji a kujerarta kafin ta ji a kunne. Yana zuwa a makare, yana gangara ƙasa, ya tsaya inda ba ta zata ba, ya sake hawa.

Leɓen Roy na motsi. "Ga shi nan," ya ce. "Ga ɗan banzan nan."

Ta kashe da sauri don kada na'urar ta cinye shi. Ta gwada ɗauka da wayarta daga lasifikar motar, ta saurara, sai ganga da ihu kawai suka fito, nauyin nan ya ɓace gaba ɗaya.

"Ta da motar," ta ce wa Roy. "Da ita za mu je."

"Ni? Ba zai so ganina ba."

"Ban tambaye ka abin da yake so ba, Kawu. Ta da motar."

Ta bar tata motar a ƙofar gidan Glenys. A hanya aka tsayar da su wajen gyaran titi, minti goma suna kallon jar fitila, Maxine na riƙe da kaset ɗin da hannu biyu, tana duba waya kowane lokaci. Ba a kira ba, kuma ba ta san ko hakan alheri ne ba.

Ɗakin Clive na ƙasa ne, yana da ƙofar gilashi mai buɗewa zuwa filin ciyawa. Maxine ta shiga da gudu ta tarar yana nan, bakinsa a buɗe, numfashin na zuwa yana ɗaukewa. Ta gaya wa Marcia abin da take so a yi. Marcia ta dubi filin da ruwa ya jiƙa, ta dubi mara lafiyar.

"Ni ban ga mota ba," ta ce. "Kama wancan gefen gadon."

Suka juya gadon, suka tura shi har bakin ƙofa, suka ƙara masa bargo. Roy ya zagayo ta bayan ginin, ya hau ciyawar, tayoyi na nutsewa, ya tsaya dab da ƙofar ya buɗe ƙofofin motar duka huɗu. Maxine ta sunkuya kusa da kunnen ubanta.

"Baba. Wrexham ne. Kai ne, Kawu Roy ya tabbatar."

Bai motsa ba. Ta mayar da kaset ɗin baya, ta danna. Ƙarar ta cika ɗakin, tagogi suka ɗauka, wata tsohuwa a ɗakin kusa ta leƙo ta labule. Baitin farko ya wuce, idanun Clive a rufe. Maxine ta riƙe ƙarfen gadon, tana ji a ranta sun makara, ta ɓata masa rabin yini a banza.

A baiti na biyu ya buɗe ido. Ya dubi silin, sannan ya dubi motar, ya ga wanda ke tsaye a cikin ruwa da hula a hannu.

"Tolley," ya ce. Da ƙyar aka ji. "Kana sauri da gangar nan."

Roy ya matso, ya juya masa kunnen dama. "Me ya ce?"

"Ya ce kana sauri," in ji Glenys.

"Kai ne ke jan ƙafa, Willetts. Kullum haka kake."

"Yi shiru. Ga wurin."

Jita ta mutu, aka bar su biyu. Clive ya saurara da dukan abin da ya rage masa. Yatsunsa biyu na dama suka fara taɓa bargon, ba daidai da kiɗan ba, ƙarfinsu bai kai ba. A wani wuri ya yamutsa fuska.

"Kuskure ne nan," ya ce wa Maxine. "Na ɓata. Sai na maimaita shi, don su zata da gangan ne."

Ta yi dariya, hawaye na zuba mata, ta kasa tsayar da ko ɗaya. Kiɗan ya yi ta hawa, jama'ar Wrexham suka fara tafi a kan bugun, jita ta dawo, sai ƙas, komai ya ɗauke. Zaren ya ƙare. Len bai juya kaset ɗin ba a wancan wasan, ɗaya gefen babu komai.

"Sauran fa?" Clive ya tambaya.

"Iyakarsa ke nan, Baba. Minti tara."

Ya lumshe ido har ta zata ya koma barci. Sannan ya ce, "Ashe ba laifi." Ya ja numfashi. "Sake sawa."

Sau uku suka sa. A na ukun barci ya ɗauke shi tun kafin a kai tsakiya, Marcia ta ce sanyi ya yi yawa, a rufe ƙofa. Da Roy ya je fitar da motar, tayoyin baya suka yi ta juyi a taɓo, ta ƙi fita. Aka bar ta nan, Glenys ta koma Tipton a tasi.

Roy ya dawo ranar Alhamis da safe, ya ce ya zo duba motarsa, ya zauna a gefen gadon har la'asar. Clive bai ƙara yin magana mai tsawo ba. Sau ɗaya ya farka ya nemi ruwa, Roy ya jiƙa masa leɓe da auduga. Ranar Juma'a da hantsi ya cika, Maxine na riƙe da hannunsa.

Glenys ta ce wa Maxine ta riƙe kaset ɗin. Maxine ta kai wa wani mai gyaran sauti a Stourbridge ya kwafe shi, ya kuma liƙa na Derby, wanda aka tarar Piers ne a ciki. A wajen jana'iza ta sa minti taran nan yadda suke, da mayen da ke kiran sunan mata, da yankewar. Zauren ya cika da tsofaffi masu baƙaƙen riguna na fata, wasu suka riƙa kallon juna. Da aka fito shan shayi wani dattijo ya zo ya yi mata gaisuwa, ya ce shi tun yana saurayi yake da faifan, me ya sa ba ta sa ta ainihin ba, wadda kowa ya sani. Maxine ta gaji, ba ta da ƙarfin bayani. Ta nuna masa Roy da ke zaune shi kaɗai kusa da taga, ta ce ya je ya tambaye shi, amma ya tsaya ta gefen dama.